Akwatuna Huɗu Da Kaset Ɗin Inna

A Sharada ta wancan zamanin, in ka hango maza biyu a bakin titi suna ɗaga wa juna murya har jijiyoyin wuya sun tashi, kada ka yi gaggawar zuwa rabon faɗa. Gaisawa kawai suke yi. 'Yan masaƙa ne aka taso daga aiki, kuma duk wanda ya yi shekara biyar a ɗakin injinan saƙa haka muryarsa take komawa. Su ba su san suna ihu ba. A ganinsu mutanen gari ne suka koma magana ƙasa-ƙasa saboda iyayi.

Malam Uwaisu yana cikinsu, kuma shi ya wuce shekara biyar nesa ba kusa ba. A 1970 ya baro ƙauyensu a ƙasar Gumel da 'yar jakarsa da butarsa, ya samu aikin share tarkacen zare a wata masaƙa a Bompai. Daga shara ya koma riƙe inji ɗaya, daga ɗaya ya kai takwas. Da aka buɗe wata sabuwa a Sharada ya bi fomansu can, ya samu ɗan gida mai zaure da ɗaki biyu a bayan kamfanin, ya tare da matarsa Sauda. Dogo ne, mai tsafta, mai son gyare-gyare. A wurin masu lantarkin kamfani ya tsinci ilimin waya, a tsaitsaye, lokacin hutun cin abinci, kuma wallahi hannunsa yana da kyau. Aibinsa guda ne: laifi bai taɓa zama daga jikinsa ba. In zare ya ƙi shiga allura, allurar ce ba ta da kirki. In bai ji sallama ba, mai sallamar ne bai karya kumallo ba.

Abin da ya rufa masa asiri shi ne a ɗakin saƙa da leɓe ake magana. Mutum yana can ƙarshen layi zai motsa baki, ka gane yana neman sifana ne ko yana zagin foman. Uwaisu ya ƙware a wannan, ta yadda muddin yana kallon bakinka ba za ka taɓa zargin komai ba. Sauda ta lura tuni. Ta dai koyi zagayowa gabansa kafin ta tambayi cefane.

To, Uwaisu ɗan fari ne, kuma wanda ya san tsofaffin ƙauye ya san abin da hakan ke nufi. Inna, mahaifiyarsa, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba. Kakarsa ce ta raine shi. In ya je gida da salla ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, sai ta juya fuska wajen bango ta ce, "An zo lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau." Ta ce, "To, madalla." Hirar shekara guda ke nan. Kunya ce, ya sani, kowa ma ya sani. Amma sanin bai hana abin sosa masa rai ba duk lokacin da ya hango ta tana kwasar dariya da ƙaninsa Ɗan'auta har tana riƙe ciki.

Ana nan sai rikoda ta shigo gari. Mutanen da ba su iya rubuta wasiƙa ba suka samu hanya: a yi magana a kaset, a ba direban motar kasuwa ya kai. Uwaisu ya aika da rikoda guda gida, ya riƙe guda. Ɗan'auta, wanda a lokacin magidanci ne da iyalinsa, ya ajiye ta gaban Inna, ya danna mata maɓalli, ya fita ya ja ƙyaure. Ashe Innar da ba ta iya kallon ɗan farinta tana iya kallon rikoda. Ta cika fuskar kaset guda, rabin awa cur.

Ranar da direban Gumel ya kawo kaset ɗin farko, a tsakiyar 1981, Sauda ta ɗauki mayafinta ta shige maƙwabta. Muryar suruka ce, kuma maganar uwa da ɗa, ina ita ina saurara? Uwaisu ya kulle ɗaki, ya ɗora rikodar a cinya, ya danna. Muryar Inna ce, babu shakka. Ya gane hawanta da saukarta, ya gane inda ta yi tari. Amma kalmomin sun ƙi rabuwa da juna, sun cure wuri guda, kuma kaset ba shi da leɓe balle ya kalla. Ya mayar da shi baya, ya sake, ya sake, har batir ya mutu. Shekara arba'in yana jiran matar nan ta yi masa magana mai tsawo, yau ta yi, ga ta a cinyarsa, bai ji ko jimla ɗaya ba. Ya daɗe a zaune idonsa cike da ƙwalla. Can ya juya rikodar ya dube ta, ya ce, "Ai dole. Lasifikar da ba ta fi murfin gwangwanin madara ba."

Sai kuma batun amsa, don direba zai koma. Ba zai kira wani ya saurara masa ba. Na farko, maganar tasa ce shi kaɗai, ba zai raba ta da kowa ba. Na biyu, in ya kira wani, me zai ce ya hana shi ji da kansa? Saboda haka ya sa sabon batir, ya gyara murya ya danna maɓallin ɗauka. Ya gaida Inna, ya gaida kowa da kowa har da awaki, sannan ya ce, "Na ji duk abin da kuka ce, Inna. Madalla, haka ake so. Allah ya ƙara." A ransa ya ce wannan amsa ce da za ta dace da kowace irin magana.

Kaset biyar suka zo a cikin shekara guda. Biyar ɗin duk haka ya amsa su.

Daga nan ya ɗaura aniyar maganin abin. Ya tafi rumfar Isyaku mai gyaran rediyo a bakin titi, mutum mai sanyin hali da ke aiki da tabarau ɗaure da zare. Ya ce yana son lasifika, mafi girma da za a samu a Kano.

Isyaku ya ce, "Ta kiɗa ko ta magana?"

"Ta magana."

"Ɗakin naka taku nawa ne?"

"Huɗu da huɗu."

"To, mai inci shida guda biyu sun ishe ka har da ragi. Manyan nan gangar ciki suke fitarwa, wadda ake ji a ƙirji. Muryar mutum kuwa, balle ta mace, daga ƙarama take fita tas. In ka sa manya a ɗan ɗakin nan, ruri za ka samu."

Uwaisu ya kalli bakinsa har ya gama, sannan ya ce, da muryar da ta sa mai lemo a tsallaken titi ya waiwayo, "Isyaku, inji takwas nake riƙewa. Ban taɓa ganin inda ƙaramin inji ya fi babba aiki ba."

Isyaku ba mai jayayya ba ne. Bayan sati biyu ya samo masa guda huɗu masu inci goma sha biyar, na wani mai gidan rawa da ya bar sana'a, kowace da maganaɗisu a bayanta mai nauyin dutsen niƙa. Ya haɗa masa da amfilifaya, wato injin ƙara ƙarfin murya, wadda sai da mutum biyu suka kama ta. Ya ja masa kunne kan abu biyu. Kada ya tara huɗun a baki ɗaya, amfilifaya za ta ɗau zafi ta ƙone, ya raba su biyu a hagu biyu a dama. Kuma jar waya da ja, baƙa da baƙa, in ba haka ba wannan tana turawa waccan tana ja, su cinye juna.

Akwatunan kuwa shi ya zana su da kansa. Ya auna ɗakin da zaren kamfani, ya ƙulla alama, ya kai wa kafinta. Aka yi su da katako mai kauri, kowane ya kai masa ƙirji. Ya cusa musu tarkacen auduga a ciki don kada katakon ya yi ta karkarwa, kuma wannan dabara ce ta gaske, har Isyaku ya yaba. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya auna kusurwa. Ƙofar ce kawai bai auna ba.

Da amalanke ya sauke su, sai da aka cire ƙyauren ɗaki da katakon jikinsa kafin biyu su shiga, sannan aka mayar. Da suka shiga, gado ya zama sai a jingine shi da bango. Na uku ya tsaya a tsakar gida kusa da randa. Na huɗu ko tsakar gidan bai kai ba, a zaure ya maƙale, fuskarsa tana kallon ƙofar waje, don ta haka kaɗai za a samu hanyar wucewa. Uwaisu ya ce na ɗan lokaci ne. To amma ai Isyaku ya ce biyu a hagu biyu a dama, kuma Uwaisu mutum ne mai bin ƙa'idar aiki. Ya ja waya har tsakar gida, ya ja har zaure, a miƙe sumul a jikin bango, kowane taƙi da lanƙwasasshiyar ƙusa. Kowace lasifika sai da ya taɓa mata ƙaramin batir, ya ɗora tafinsa a baƙar takardar fuskarta, ya ji ta zabura gaba, ya tabbatar ja yana inda ja yake. A ba shi haƙƙinsa, aikin ya yi kyau. Bai dai lura ba cewa duk gwajin da tafin hannu yake yinsa.

Ranar Lahadi babu aiki. Ya ga ya kamata a samu wasu kunnuwan su taya shi daidaita murya, don kada ya yi son kai. Wa zai kira? Abokansa mana, Garba da Idi. Garba shekararsa goma sha biyu a ɗakin saƙa, Idi goma sha huɗu. Waɗannan su ne alƙalan.

Bayan azahar suka matsu a ɗakin su uku tsakanin akwatuna biyu. Aka sa kaset ɗin kalangu. Maɓallin murya yana da lamba ɗaya zuwa goma. Uwaisu ya murɗa shi zuwa biyu, kwanukan Sauda suka fara kaɗawa a ɗaya ɗakin.

Garba ya ce, "Ka kunna kuwa?"

Ya kai huɗu. Kajin gidan suka tsallake katanga.

Idi ya ce, "Ya fara zuwa. Ƙara masa kaɗan."

A bakwai suka dubi juna suka gyaɗa kai. Garba ya ce rabonsa da jin kalangu sarai haka tun yana saurayi. Uwaisu ya ɗauko farin fenti ya ɗiga a kan bakwai, don kada wani ya zo ya ɓata saiti. Sauda ta leƙo, ta zagayo gabansa, ta ce, "Malam, abin nan fa ya yi ƙara."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai ita ake nema."

Sai ya tuna da batun sirri. Ya ce wa Idi ya fita waje ya tsaya a bakin titi, a rufe ƙofa, a ji ko yana fita. Idi ya fita, ya bi ta jikin akwatin zaure, ya tsaya a waje ya karkata kai ya yi iya yinsa. A daidai lokacin wasu mata biyu daga layin baya sun yafo mayafi suna tambayar gidan wa ake biki ba a gaya musu ba. Idi ya dawo ya ce, "Kwantar da hankalinka. In ba mutum ya kasa kunne ba, ba zai ma san ana yi ba."

Bayan la'asar abokan suka koma bencin mai shayi a bakin layi. Uwaisu ya ɗauko kaset na shida, wanda ya zo tun Juma'a ya adana shi don wannan ranar. Sauda na ganinsa ta ɗau mayafi ta shige gidan Hajiya Safiyatu, mai sayar wa ma'aikata tuwo. Ya sa sakata, ya rufe taga, har tsumma ya tura ƙarƙashin ƙofa. Ya zauna a tsakiyar akwatunan, ya yi bisimilla, ya danna.

Ɗakin ya ɗauki ruri. Hularsa tana rawa a kansa, ƙasa tana zubowa daga rufi, tarin Inna ya dake shi a ƙirji. Amma kalmomin? Sun fi na da curewa. Da a ƙaramar rikoda yana tsintar "to" da "kuma" nan da can, yanzu ko su babu. Ya matsa kusa da na hagu, ya koma na dama, ya ƙara zuwa takwas. Bai ji ba. Ya zauna rabin awa a cikin muryar mahaifiyarsa, tana girgiza masa haƙarƙari, bai san me take cewa ba. Wannan karon babu abin da ya rage da zai ɗora wa laifi, kuma tsoro ya kama shi sosai.

Abin da ya faru a waje daga baya ya samu labarinsa, daga bakin mutane da yawa. An ce da Inna ta ce "Salamu alaikum," duk layin ya amsa. Tela ya tsayar da keke ya amsa, mai shayi ya amsa da buta a hannu, wani mai keke da ke wucewa ya amsa ya sauka yana neman mai sallama. Garba da Idi kaɗai suka ci gaba da kurɓar shayi.

Muryar ta ce, "Yaron nan ya fita? To. Kai na Kano, matso. Wannan maganar daga ni sai kai, kada ka gaya wa kowa."

Sauda ta toshe kunnuwa da mayafi. Ta shige ƙuryar ɗakin Hajiya, surukarta tana can. Ta fito ta nufi famfon unguwa, tana can ma. Ta dawo da gudu ta yi ta dukan ƙofar mijinta da hannu biyu, ina, wa zai ji? Ta kai hannu za ta fizge waya, Hajiya Safiyatu, da ta biyo bayanta, ta riƙe ta. Ta ce, "Bari, 'yar nan, wuta za ta ja ki. Kuma ai ba a katse babba."

Inna ta ci gaba. "Wannan shi ne na shida. Na gaya maka idanuna sun tafi. Na dama ya rufe tun kaka, na hagu dishi-dishi. Ba wanda ya sani a gidan nan, na haddace ɗakina, da lalube nake yi. Shekaranjiya na gaida turmi ina ce matar Ɗan'auta ce, har na yi masa faɗan rashin amsawa."

An ce a nan wasu suka yi dariya, suka kuma yi saurin haɗiye ta.

"An ce a Kano akwai asibitin da ake cire yanar ido. Na ce ka zo ka kai ni, ka ce madalla. Na sake faɗa, ka ce haka ake so. Na ce na hagun ma ya kama hanya, ka ce Allah ya ƙara. To me za a ƙara? In kunyar da na yi maka ce ka riƙe a rai, ka yi haƙuri, haka muka tarar ana yi. Ni ba wani abu nake nema ba. So nake in kalli fuskarka sau ɗaya da kyau kafin ya rufe, don ban taɓa kallonta sosai ba."

Daga nan ta koma labarin gero da na wata akuya mai ɓarna, har kaset ya ƙare ya yi ƙas.

Uwaisu ya zare sakata ya fito, niyyarsa ya wanke fuska a randa. Ya tarar da tsakar gidansa cike da mata, zaure cike da maza, wasu na leƙe ta kan katanga. Kowa shi yake kallo, kuma ba kallon arziki ba. A gaba Hajiya Safiyatu ce, da muciya a hannu, ta cika ta batse.

Ta ce, "Malam Uwaisu, ban zaci haka daga gare ka ba. Shekara shida kana cin tuwona ina ce mutumin kirki nake ciyarwa. Mahaifiyarka ta ce maka ta makance, ka ce Allah ya ƙara?"

Ya ga kowace kalma a bakinta. Ya ce, "Wa ya makance?"

Isyaku, wanda ya biyo ƙarar tun daga rumfarsa don ya duba ko amfilifaya ta fara hayaƙi, ya ratso mutane ya tsaya gabansa. Ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa, ya yi magana da ƙarfi, kowa ya ji: "Malam Uwaisu, rigarka ta kama da wuta." Uwaisu ko gezau, yana ta kallon bayan hannun Isyaku yana jira ya sauke.

Isyaku ya sauke hannun. Uwaisu ya dubi Sauda, ya ga tana share ido da bakin mayafi. Ya dubi akwatin da ke kusa da randa, ya bi wayar da ido har zaure, wayar da shi ya ja da hannunsa. Sai ya zauna a ƙasa kusa da randar ya ce, "Ba na ji. Ya kai shekara uku. Ko kalma ɗaya ta kasusuwan nan ban taɓa ji ba." Ya so ya faɗa a hankali, amma har masu leƙe ta katanga sun ji.

Hajiya Safiyatu ta mayar da muciya bayanta. Ta ce, "To ai sai ka faɗa, bawan Allah." Ta juya kan jama'a ta ce kowa ya kama gabansa, ba kallo ake yi ba, ita da ta fi kowa matsowa. Garba da Idi suka iso a makare suna tambayar abin da ya tara mutane. Idi ya rantse shi dai bai ji komai ba daga wurin mai shayi. Hajiya ta dube shi ta ce, "Kai ma ka je a duba ka."

Isyaku ya cire wayoyin akwatunan huɗu. Ya aika rumfarsa aka kawo wata 'yar rediyon aljihu da ta mutu, ya ɓalle bayanta, ya zaro lasifikarta, wadda ko murfin gwangwanin madarar ba ta kai ba. Ya liƙa mata waya biyu da dalma, ya jona da rikoda. Ya tambayi Uwaisu wane kunne ne ya fi dama-dama, ya ce na hagu. Ya ce ya manna lasifikar a nan, ya riƙe da hannu. Ya ja masa ƙofa ya tafi.

Ya ji. Bai ji duka ba, amma ya ji, siririyar murya tana shiga a hankali, kalma tana bin kalma. Inda ya kasa, ya tsayar ya kira Sauda. Ta zo ta zauna ta ba rikodar baya, kanta a ƙasa, ta rufe fuska. Ya ce ai sai ya ga bakinta. Haka ta buɗe fuska, kunya kamar ta nutse, tana maimaita masa maganar surukarta jimla-jimla. Suka bi kasusuwan tun daga na farko. A na biyu ne ya ji inda Inna ta fara roƙonsa, ya tuna amsar da ya aika mata, ya ajiye lasifikar ya yi kuka sosai. Sauda ta bar shi ya gama, sannan ta miƙa masa ya ci gaba.

Da safe ya je neman izinin kwana uku. Bai gama buɗe baki ba foman ya ce ya je, Allah ya ba Inna lafiya, kuma a gaida turmi. Gidan foman yana layi na huɗu daga nasu.

Ya isa ƙauye da yamma. Wannan karon bai durƙusa a ƙofa ba. Ya yi sallama ya shiga, ya zauna a tabarmarta, kusa da ita, har gwiwarsa tana taɓa zaninta. Inna ta ji shi, ta yi sauri ta juya fuska don ta kalli bango yadda ta saba. Bangon yana ɗaya gefen. Fuskarta ta tsaya daidai tasa, ido biyu farare, kuma shi ma bai taɓa ganin ta kusa haka ba.

Ya ce, "Inna, ba ƙin ku na yi ba, kunnuwana ne suka mutu. Sai jiya na ji. Na zo in kai ku asibitin ido."

Ya faɗe ta da muryar ɗakin saƙa. A tsakar gida daka ya tsaya. Aka ji Ɗan'auta daga can bakin rumbu yana cewa, "Asibitin ido? Idon wa?"

Inna ta miƙa hannu tana lalube. Ta samu kafaɗarsa, ta hau wuya, ta kama kunnen hagu ta jawo shi har bakinta.

Ta ce, "Ba na ce kada ka gaya wa kowa ba?"

Ya ji wannan sarai. Ba ta saki kunnen ba, shi ma bai janye ba, ta ci gaba da magana.